Si Bujama Ya Zaɓi Taya

Duk kwarin Taurirt, daga gindin dutse har can inda ƙanƙara take kwana, Allah bai yi wanda ya san tayar keke kamar Si Bujama ba. Wannan ba ƙage na yi ba, shi da bakinsa ya gaya mana, kuma ba sau ɗaya ba. Shekara talatin ya yi a Kasablanka yana sayar da tayil ɗin banɗaki. Ya dawo gida da tumbi, da tabarau mai launin bakan gizo, da wani irin ilimi da mu 'yan ƙauye ba mu san muna bukatarsa ba. Wata uku da dawowarsa ya zama shugaban ƙungiyarmu ta mahaya keken dutse, saboda shi ya saya mana riguna. Muka sa masa suna Shehun Roba. Da labari ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, har ya sa aka buga masa sunan a bayan riga.

Ɗakin da matarsa ta so ta mayar na baƙi, tayoyi ya rataye a ciki, arba'in da biyu. Akwai mai manyan haƙora ta laka da gangara, akwai mai ƙananan haƙora ta gudu a busasshiyar ƙasa. Akwai mai laushi da ke manne wa dutse amma ta cinye da wuri, akwai mai taurin kai da ke shekara ba ta ji komai ba. In ka kai masa ziyara, kafin a zuba maka shayi sai ka shinshina uku. Shi kuwa yakan ciji gefen taya, ya lumshe ido, ya faɗi ƙasar da aka yi ta. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, don ba wanda ya yarda ya ciza.

Abu ɗaya kawai ya rage wa wannan ilimi: ba a taɓa ganin Shehu a kan dutse ba. Kekensa, wanda ya fi alfadarai huɗu tsada, hanya ɗaya ya sani, daga ƙofar gida zuwa shagon shayi, taku ɗari uku a kan kwalta, kuma gangara ce. In zai koma gida tura shi yake yi, wai yana sauraron muryar haƙoran.

Haka muka yi shekara shida. A taron ƙungiya na bana sai Mbarak mai gyaran keke ya miƙe. Mbarak mutum ne da maganarsa ta shekara ba za ta cika kofin shayi ba, amma babu ƙayar da ta huda taya a kwarin nan da bai cire ta da hannunsa ba. Ya kawo shawara cewa duk wanda zai riƙe kujerar shugaba, sai ya hau tseren bazara da kansa, ya kuma iso kafin alfadara. A tserenmu, na ƙarshe a hanya kullum alfadarar Assu ce, mai suna Zarwala. Ita ke bin baya tana kwaso wanda sarƙarsa ta tsinke da wanda gwiwarsa ta ƙi. Duk wanda ta wuce, ya fita. In ta wuce shugaba, kujera ta tafi.

Si Bujama ya gyara tabarau, ya dube mu da tausayi.

"'Yan'uwa, na ji wannan shawara, kuma na yafe wa wanda ya kawo ta. Ku a ganinku tsere ƙafa ce. To ƙafa ko jaki yana da ita, har huɗu. Tsere taya ce. Ku ba ni tayar da ta dace da ƙasar da ta dace, ko surukata Lalla Fadma na ɗora a kai, sai ta zo ta ɗaya ta koma ta ɗora girki."

Muka tafa. Aka ce a ɗaga hannu, nasa ya riga na kowa. Ni da nake riƙe agogon tsere, wallahi sai da na ji tausayinsa, na kuma ɗaga nawa.

Aikin farko da ya yi shi ne ya ɗage tseren daga Lahadi zuwa Asabar, don wakilin gwamna ya ce ranar ce zai samu zuwa, kuma zai zo da mai ɗaukar hoto. Da ya sanar, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Ruwan ban-gona a kwarinmu rabo ake yi, kowace unguwa da ranarta, tun zamanin kakanni. Ranar Asabar ta gonakin tuffa na ƙasa ce, kuma ruwan ba shi da wata magudana zuwa can sai hanyar alfadarai. Da asuba ake buɗe shi, ya bi hanyar nan tsawon kilomita ɗaya da rabi, ya mayar da jan yumɓunta kamar kwaɓin burodi. Wannan hanya ita ce tsakiyar tserenmu. Jariri ma ya sani. Amma Shehu yana da shekara goma sha huɗu ya bar kwari, kuma a inda ya je, ruwa daga famfo yake fitowa. Ba wanda ya gaya masa. Wasu sun ɗauka ya sani, wasu kuma sun tabbata bai sani ba, shi ya sa suka yi shiru.

Daga nan bincike ya kankama. Ya aika aka ɗebo masa ƙasa daga wurare tara na hanyar, ya jera a kofunan shayin matarsa, yana murzawa yana ɗanɗanawa. Ya kwashi tayoyi zuwa wurin mahauci aka auna su ɗaya bayan ɗaya a ma'aunin nama, mata na tsaye suna jiran a yanka musu naman tajin, dahuwarmu ta tukunyar ƙasa. Bayan kowace salla sai ya gwada iskar taya, ya rage kaɗan, ya ƙara kaɗan, ya rubuta. Wayarsa kuwa ba ta huta ba, hasashen yanayi yake duba har daga wurare uku, kuma duka ukun sun yi masa albishir ba za a ga ɗigon ruwan sama ba har kwana goma. Hawa keken ne kawai bai yi ba, don a cewarsa mai hankali ba ya gajiyar da ƙafa kafin ranar aikinta.

Mutum ɗaya ne ya ga abin bai dace ba, Dadda Hammu, tsohon da ke rabon ruwa. Sau uku yana hawa tudu da sandarsa zuwa gidan shugaba. Sai dai Dadda Hammu ba ya shiga magana sai ya tambayi lafiyar mutum da ta iyalinsa da ta dabbobinsa, Shehu kuwa ba shi da lokacin jiran dabbobi. Zuwan farko ya ɗauka riga tsohon ya zo roƙo, ya ba shi riga. Na biyu ya ba shi hula. Na uku ya miƙa masa gorar ruwa ta roba tun daga bakin ƙofa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, kayan sun ƙare. Tsohon ya sauko, ya zauna a shagon Mbarak da rigarsa da hularsa, ya ce: "Na je in gaya masa ruwa zai zo, ya ba ni abin zubawa."

Ana saura kwana biyu Shehu ya yanke hukunci. Ya zaɓi wata siririyar taya marar nauyi, tsakiyarta sumul kamar tafin hannu, da 'yan haƙora a gefe. Su ma haƙoran ya ga sun yi yawa, ya kai wa wanzami ya rage musu tsawo.

Ranar Asabar gari ya waye tas, babu ko gajimare. Mahaya hamsin da ɗaya suka jeru, kowa da taya mai haƙora kamar na kada. Si Bujama ya zo da lamba ɗaya a gaban kekensa, ya bi layi yana duba tayoyinmu yana girgiza kai. Ya tsaya daidai inda wakilin gwamna zai ji shi.

"Ranka ya daɗe, dubi abin da nake fama da shi shekara shida. Rana na tsakar ka, ƙasa ta bushe ƙamas, su kuma sun ɗauro tayar damina. Kowane haƙori da kake gani ɓarawon gudu ne. Na yi nazarin ƙasa, na yi nazarin sama, ban bar komai a tsakani ba. Yau za su koyi darasi, kuma kyauta."

Na busa usur, suka tashi. A faɗi gaskiya, kilomita biyun farko tayar ta yi abin da ya ce. Hanya busasshiya ce, keken na tafiya kamar ana jan sa, har ya wuce mutum ɗaya, wani da ya tsaya gaida gwaggonsa. Abin da ya biyo baya daga bakin Assu muka ji, don shi kaɗai ne shaida.

Da hanya ta karya kwana ta shiga ta alfadarai, Shehu ya tarar da ruwa na gangarowa cikin natsuwa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ciro waya ya duba, ya sake duban ruwan kamar yana jiran ya ba shi haƙuri. Sannan ya taka feda. Tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa masa yumɓu a ƙeya, ta gaba kuma ta tafi inda ta ga dama. Ya faɗi ta dama, ya tashi, ya faɗi ta hagu. Ya sauka ya tura. Yumɓu ya yi ta nannaɗe tayoyin har suka yi kaurin cinyar bijimi, suka cushe, suka ƙi juyawa sam. Ya saɓa keken a kafaɗa. Keken da ake ɗagawa da yatsa biyu ya koma nauyin buhun sha'ir.

A nan Zarwala ta cim masa. Da wani ne, da magana ta ƙare. Amma Assu yana auren ɗiyar ƙanwar Si Bujama, kuma yana son ya ci gaba da cin abinci a gidansa. Ya ja igiya ya tsayar da alfadara taku biyu a bayan shugaba, ya ce, "Kawu, yi a hankali, mu ba sauri muke ba."

Shehu ya yi taku ashirin ya zauna. Ya yi goma ya sake zama. Can sai ilimi ya zo masa. Ya karanto wa Assu dokar da ka, ya nuna masa cewa ta ce kada alfadara ta wuce shugaba, ba ta ce dole keke ya kasance a ƙarƙashin shugaba ba. Saboda haka ya ba da umarni a ɗaure keken a bayan Zarwala. Ya shige gaba a ƙafa, takalman tsere na tsotsar laka, Assu na biye yana ta fama da igiya, don tunda aka haifi alfadarar nan ba a taɓa sa ta tafiyar hawainiya irin wannan ba.

Mu a wurin ƙarewa mun raba kyaututtuka, mun cinye tajin, an yi shayi zagaye uku. Wakilin gwamna ya duba agogonsa har ya gaji. Sai ga su sun ɓullo daga cikin itatuwan tuffa: wani jan mutum-mutumi a gaba, alfadara a baya, keke a sama tayoyi na kallon rana. Aka yi ta dariya, amma Mbarak bai yi ba. Ya ciro takardar dokar ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce Shehu ya yi gaskiya, in ya taka layin nan kafin alfadara, kujera tasa ce har wata shekara uku. Dariya ta ɗauke. Ni kaina na fara hango tayoyin da zan shinshina.

Saura taku goma sha biyar. Saura goma. Sai mai hoto ya durƙusa ya saita na'urarsa, Si Bujama ya gan shi, ya ja ya tsaya cak. Ya dubi rigarsa, ya ga yumɓu ya rufe komai. Ba zai shiga jarida a haka ba.

"Assu, saki igiyar nan ka zo ka kankare mini riga."

Assu ya ce, "Kawu, ka fara taka layin mana."

"Layi ba gudu zai yi ba. Tarihi ake ɗauka a nan. Zo."

Assu ya dubi igiya, ya dubi kawun matarsa, ya saki. Yana kankarewa da ɓallen itace, Shehu ya juya wa hanya baya, ya fuskanci mai hoto da wakilin gwamna, ya ɗaga yatsa.

"Ranka ya daɗe, jama'a, abin da ya faru yau nasara ce ga kimiyya. Tayar da na zaɓa ba ta yi faci ba, ba ta yage ba, ko haƙori ɗaya bai ci ba. Wa zai iya faɗin haka a cikinku? Abin da ya saɓa lissafi shi ne ruwa, wanda aka sake shi ba tare da an sanar da ofishina ba, kuma zan kafa kwamiti..."

Zarwala ba ta da ra'ayi a kan kwamiti. Abin da ta sani shi ne jakar sha'irinta tana rataye a bishiyar da ke bayan teburina, kuma ta yi awa biyu da makara. Ta raɓa ta bayan shugaba ba ta ko taɓa shi ba, ta zo ta gabana da keke mai lamba ɗaya a gadon bayanta, ta taka layi. Na danna agogo.

Filin ya kaure da tafi, mata suka rangaɗa guɗa, har wakilin gwamna ya miƙe tsaye. Si Bujama ya dafa ƙirji, ya rusuna sau uku, ya ɗaga hannu ya roƙe mu mu dakata da tafin, wai bai gama ba tukuna. Muka dakata, muka bar shi ya ƙarasa. Jawabinsa ne na ƙarshe a matsayin shugaba, kuma duk filin shi kaɗai ne bai sani ba.