Jatrofar Talle

Jiya babur ɗina ya mutu a hanyar Tasawa, esansi ya ƙare ƙaf. Ina turawa ina haɗa gumi sai ga maƙwabcina Talle bisa amalanke, da buhu huɗu. Ya dube ni ya tuntsire da dariya, wai ga shi zaune bisa mai, amma ko ɗigo ba zai iya ba ni ba.

Shekara biyar ke nan da wasu manya, Allah ya ƙara musu sanyin mota, suka zo garinmu can wajen Kanan-Bakashe da wani iri wai shi jatrofa. Suka ce daga 'ya'yansa ake tatsar gazuwal, man manyan motoci, injin matsewa na nan tafe, kuma duk abin da aka noma za a saye. Talle ya ji suna mai nauyi kamar na maganin likita, ya ba shi rabin gonar hatsinsa. Da irin ya yi ganye, matarsa Aminatu ta leƙa ta ce, "Malam, ai bini-da-zugu ne. Shi ne shingen bayan gidan inna." Abin da ko akuya ba ta ci! Da sun kira shi da sunansa na gida, wallahi ko tabarma ba mai shimfiɗa musu.

Injin dai ya zo, kada in ci haƙƙinsu. An yi tafi, an ɗauki hoto. Sai dai da gazuwal yake aiki, kuma shi ne ba a aiko ba. Kafin a aiko aka canza manya, sababbin suka ce yanzu hankali ya koma kan 'ya'yan dogon yaro.

Ina zolayarsa, amma raina ya ɓaci. Baki tara yake ciyarwa, hatsinsa ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba.

Na jingine babur na raka shi ofishin masu shirin, inda zai kai buhunan 'ya'yan jatrofarsa. Mushen da ke ciki, wato ma'aikacin wurin, ya tarbe mu da fara'a, ya ce irin Talle ƙasa ke nema. Da aka zo kan buhunan, sai ya ce a adana su wuri mai kyau har tsari ya sake waiwayo su.

Talle ya ce, "Wuri kam akwai, ranka ya daɗe. Rumbuna ba ko zangarniya a ciki."

Mushe ya ce madalla, ya jawo takarda ya rubuta cewa manoman yankin sun wadatu da wurin ajiya. Allah ya bar mana masu ilimi.