Ranar da Na Tara wa Malam Masu Sayen Nama

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Zandam ba za su bari ba. Har yau in na sauka daga mota a garin sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ango, yau ma akwai nama?"

A lokacin ina neman auren Saratu, 'yar Malam Isiyaku mai Islamiyya. Na yi ta zarya daga Birnin Kudu har 'yan acaɓa suka san ni, amma Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bari mu gama walimar saukar yara tukuna." Ni kuwa da rawar kai na ce a bar mini harkar lasifika. (Ban san komai a kanta ba, so nake kawai a gan ni ina kai-kawo da waya a hannu.)

To, a makon nan ne ake ta cece-kuce a intanet kan wani albam da wasu samarin Kano suka fitar tare da wani Bature mai jita. Sun haɗa kiɗan Turawa mai ƙara, wanda ake ce wa rok, da kalangu da ganga. Masu sharhi sun rabu biyu. Wasu na cewa ba a taɓa jin irinsa ba, wasu na cewa kwamacala ce, an zuba manja a shayi. Ni kuma Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Na karanta sharhin kowa, har na sa baki a gardamar, alhali ko waƙa ɗaya ban ji ba, saboda data.

Ranar walima da hantsi na ɗaure lasifika a kan bishiyar darbejiya, na haɗa ta da wayata ta bulutut aka saki karatu kafin baƙi su taru. Da yara suka fara nasu karatun sai na koma bayan aji na zauna. Kawai na ga albam ɗin da na sa a sauke tun dare ya gama sauka. Zuciyata ta ce, "Minti ɗaya dai, ka ji wa ke da gaskiya." Na cusa abin ji a kunne na danna.

Shiru. Na ƙara murya, shiru. Na ƙure ta. Sai nake jiyo kiɗa daga nesa, har ina cewa a raina, wane marar kunya ne yake kiɗa kusa da makarantar Malam? Wallahi sai da na yi tsaki.

Da na leƙo, yara sun daina karatu, dattawa sun ɗaga kai suna kallon darbejiya, jita na kuka kamar injin niƙa, kalangu na bin ta a baya. Nan take na kashe. Na ɗauka abin ya tsaya nan, ashe yanzu aka fara.

Abin da ban sani ba (da alama su ma samarin Kanon ba su damu su sani ba) shi ne, bugun da suka ɗauko kiɗan mahauta ne. A garin, in an ji shi da hantsi, to an yi yanka ke nan. Kafin a ci gaba da karatu sai ga mutane da kwanuka. Wata tsohuwa, Inna Ladi, ta ratso har gaban tabarmar Malam ta ce, "Malam, a ina aka kayar? Ni hanta nake so, kada a riga ni."

Na so ƙasa ta tsage. Ta tagar aji na hango Saratu ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na girgiza, ban sani ba ko kuka take ko dariya.

Malam ya yafito ni. Na durƙusa, gumi har cikin ido.

"Mene ne wannan ka sa mana?"

Na yi bayani da in-ina, har da zancen masu sharhi. Abin mamaki, bai yi faɗa ba, tambaya ya yi ta yi. Wancan mai kukan, igiya nawa gare shi? Baturen shi ma yana buga kalangun? Su masu sharhin sun taɓa zuwa kasuwar ƙauye? Daga ƙarshe ya gyara zama ya ce, "To ga namu sharhin. Kalangun na gaske ne, tunda ga shi ya kira jama'a. Jitar kuwa ba ta kira kowa ba. Sai dai a nan, wanda ya kira mutane shi yake sallamar su."

Haka na bi Sarkin Fawa gidansa, aka kayar da akuya da kuɗina. Ni na riƙe ƙafa ana fiɗa, da sabuwar shaddata. Inna Ladi ta samu hantarta, ta kuma ce kiɗan ba laifi, a dai rage kukan nan.

Bayan la'asar na je sallama, na riga na haƙura da Saratu. Malam ya dube ni, ya dubi jinin da ke hannun rigata, ya ce, "Ba ka gudu ba. Ka turo magabatanka." Har na miƙe sai ya ƙara da cewa, "Amma ranar ɗaurin aure wani ne zai riƙe lasifika."

Tun daga ranar, in na ga ana gardama kan kiɗa a intanet, nakan fara tambayar kaina ko ina da akuyar da zan sallami waɗanda zai kira. In babu, sai in yi shiru.