Turakun da Na Tumɓuke a Rumde

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na dawo daga gona a Ngurore, bayan wata guda a can, na tarar da jajayen turaku jere a bakin rafin unguwarmu ta Rumde a Jimeta ba.

Rafin nan shi ke kwashe ruwanmu ya kai Binuwai. Duk shekarar da aka toshe shi da gini, unguwar tsibiri take zama, sai ka naɗe wando kafin ka je sayen gishiri. Kuma kowa a Jimeta ya san ma'anar jan turke: dillalan filaye sun yanka, sun sayar. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Ban ko shiga gida ba. Na tare keke napep, na bi rafin ina tumɓukewa ina zagi, ina lodawa (mai keken ya ce in yi haƙuri in tambaya, na ce ya ja bakinsa ya yi tuƙi).

Kai tsaye na nufi ƙofar Jauro, mai unguwarmu. Na tarar da taro, har da baƙo mai takalmi sau-ciki. Na zube turakun a gabansu, na ce, "Baba Jauro, ga aikin ɓarayi! Kuna zaune ana sayar da rafi!"

Madam Rifkatu, malamar firamare da ke bayan gidana, ta miƙe da wata babbar takarda a hannu.

"Malam, ka cire duka?"

"Duka!" na ce, har da bugun ƙirji.

"Wannan turaku namu ne fa. Sati biyu muna bin ruwa cikin laka, mata da maza, muna auna, muna zana. Oga ya zo ne ya gani da ido."

Ashe baƙon jami'in tsara gari ne, wanda suka sha wahala kafin ya yarda ya zo ya ga iyakar rafin, a sa ta a taswira, a hana gini. Ya dubi tulin itacen, ya dube ni, ya ce shi ba zai sa hannu a kan ramuka ba. Ya shiga motarsa.

Ni na sake kafa su, Madam na bina da takardarta. Kafin jami'in ya sake leƙo mu, wani mai kuɗi ya zuba harsashin gini a bakin rafin. Har yau in na wuce wurin raina ɓaci yake, kuma ban san wa zan zaga ba, shi ko ni.

Abin da na koya shi ne, in ka dawo daga tafiya, fara shiga gida ka gaida iyali. Matata ce ta shafa wa turakun fenti.