Buluzon ɗin da Na Sa Bikin Tsarnawa

Ba ni mantawa da ranar ga ko na tsufa, kuma tun yanzu in hwaɗa muku, ba ni na kai kaina ba. Ila ya ja ni. Ila mai gwanjo na kasuwar Konni, wanda in ya kwance dila sai ya yi ta bayani awa shi ya ɗinka kayan.

Ga yadda anka yi. Ina son Hadiza, gidansu kuwa ba a yanke komi sai da Yaya Mamman, wanta da ke aiki Jamus. Sai ga labari shina tahowa bikin ƙanensu a Tsarnawa. Na kasa zama, na kasa tsayi. Mutumin da ya ga Turai, da mi zan burge shi? Da lakwal ɗin da na bari tun aji biyar?

Ila yac ce in bar mishi. Ya nuna min bidiyo a salula: samarin Turawa, kai kwal, takalman soja, wando a naɗe, igiyoyi biyu rataye a kahwaɗa, suna tsalle suna ihu. "Sikinhed ka nan," in ji shi. "Can su ne ƴan gayu. In ya gan ka haka, ya ga ɗan gari."

Ya zaro min baƙin buluzon, wato jaket, mai tambari a hannu, wani zane mai ƙugiyoyi da rubutun da ba Faransanci ba. Ya haɗa min da takalman soja da igiyoyin wandon na kahwaɗa, ya tura min waƙarsu. Wanzami ya kwashe sumata tas (sumar da na yi ta tattali, jama'a). Da na shiga gida inna ta dube ni tac ce, "Daga kaso kake ko soja za ka?"

Ranar biki na hau moto cikin rana tsaka, zuhwa na bin takalmi. Ina isa na matsa ma mai lasifika sai da ya sa waƙar. Ganga ta tsaya. Ƙaton da ke waƙar ya hau ihu cikin lasifika awa an taka mishi ƙahwa, ni kuwa na shiga fili ina tsalle ni kaɗai, ina duka ƙasa da takalmi. Yara na dariya, na ɗauka yabo ne.

Sai na ga Yaya Mamman ya miƙe daga kujera.

"Kashe wagga waƙa."

Anka kashe. Ya taho, ya kama hannun buluzon ɗin, ya daɗe shina kallon tambarin.

"Kai ne Sani da Hadiza ke magana?"

"Ni ne, Yaya." (Har da murmushi na yi, Allah shi gafarta min.)

"Ka san mi mawaƙin ga ke cewa?"

Na ce waƙar gayu ce.

"Cewa yake a kori baƙar hwata daga ƙasarsu, da sanda." Ya buɗe baki, ya cire haƙoran gaba guda biyu, ashe na roba ne. "Masu irin tambarin ga sunka yi min wanga a tashar jirgin ƙasa. Ba duk mai aske kai ba, a'a. Akwai na kirki cikinsu, da kiɗan baƙaƙen Jamaika ma sunka hwara. Amma kai na mugayen ka zaɓo, ka kawo min har bikin ƙanena."

Wallahi na nemi ƙasa ta tsage. Na hau kiciniyar tuɓe buluzon, zip ya ƙi. Na ja, igiyar wando ta ɓalle ta make ni a kunne. Hadiza na can cikin ƙawayenta ta ja mayafi ta ruhe huska. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko aljanu ne sunka kama ni.

Tun ranan, rigar da ke da rubutu ba ni sa ta sai an karanta min, ko da sunan sabulu ne.

Amma ban haƙura nan take ba, kun san ni da baki. Na bi shi har bakin mota ina rantsuwa.

"Yaya, dube ni hwa. Ni da na fi ka baƙi, ƙaƙa za a yi in ƙi baƙar hwata? Ban san ma'anar abin ba!"

Ya maida haƙoranshi, ya buɗe mota.

"Na yarda ba ka sani ba. To mutumin da ke ɗaukar abu don ya yi mishi kyau, bai tambayi ko mi ne ne ba, shi zan ba ƙanwata?"