Ranar da na sa Kawu rarrafe

Har yau abin yana ƙona mini rai. Na sayar da 'yar motata mai lallaɓa fetur, na sayi wata ja mai gurnani. Dillali ya ce mai ƙofa biyu ake yayi, ni kuma sakarai na gyaɗa kai.

Ranar neman auren ƙanena na je unguwar Ƙofar Ran don ɗaukar manya, ina hura hanci. Na kwantar da kujerar gaba na ce, "Kawu, bismillah, ku shige baya."

Ya sunkuya, babbar riga ta harɗe shi, rawani ya faɗa kwata.

"Da furfurata za ka sa ni rarrafe, mara kunya?"

Keke mai ƙafa uku suka hau.

Yanzu duk sanda na durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Ƙara ƙasa. Ai kai ka koya mana."