Rasuwar Dattijo, Ƙarfen da Ya Zauna a Bokiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda a yau ta fi mamacin nauyi, Safiyo, wato mai awon ƙasa na rijiyar yamma, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk mai shiga ƙarƙashin ƙasa neman abinci, rasuwar amininsa Dattijo, dunƙulen ƙarfe mai tsini, wanda ya yi rayuwarsa kaf a rataye a bakin waya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, sana'arsa nuna hanya. Idan za a haƙa hanyar ruwa a ƙarƙashin gari, rijiya mai zurfi ake fara haƙawa a kowane gefe, sannan masu haƙa su nufi juna ta ƙasa. To, can ƙasa gabas da yamma duk duhu ɗaya ne. Shi ya sa ake sako waya biyu daga bakin rijiya, a rataya wa kowacce ƙarfe mai nauyi, a tsoma shi a bokitin baƙin mai don kada iska ta riƙa kaɗa shi. Sai Safiyo ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya yi ta matsawa har wayar gaba ta ɓoye ta baya. Inda suka nuna, can ake haƙawa. Sharaɗi ɗaya ne kawai: ƙarfen ya kasance a rataye cikin mai, kada ya taɓa gefen bokiti, kada ya taɓa gindinsa.

Dattijo mutum ne, in ana ce wa ƙarfe mutum, mai haƙuri da gudun fitina. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman hutu ba, ba a taɓa jin bakinsa a gulmar da ake yi lokacin shan shayi ba. Maganarsa duka biyu ce: “tsulum” in an saka shi a mai, da wani siririn “ziii” da wayarsa ke yi in an kunna fankar iska. Safiyo ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ya fi yarda da Dattijo a kan idonsa.

Ciwon ajali ya shigo a ɓoye. Wayar ce ta fara miƙewa saboda tsufa da nauyi, Dattijo yana sauka kaɗan-kaɗan cikin baƙin mai inda ido ba ya gani, har ya samu gindin bokiti ya zauna abinsa, a ɗan karkace. Bai yi ƙorafi ba, haka halinsa yake.

Al'adar masu wannan aiki ce, kafin a ɗauki layin da za a bi wajen haƙa, a naɗe hannun riga a cusa hannu cikin mai har gwiwa, a shafa ƙarƙashin ƙarfen a tabbatar ba ya taɓa komai. Sai aka yi rashin sa'a, ranar ɗaukar layin ce manyan kamfani suka sauko da mai hoto, Safiyo kuwa yana sanye da farar rigar da uwargida ta goge masa, ta kuma yi masa kashedi a kanta tun daga ƙofar gida. Ya dubi mai, ya dubi riga. Sai ya juya wurin baƙi ya ce, “Ranku ya daɗe, ku dubi natsuwa! Ko gezau. Wannan ba ya buƙatar a taɓa shi.” Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka ɗauki layi. Gaskiya ne, tun da ake rataya shi bai taɓa natsuwa irin ta ranar ba. A kan wannan layi aka yi ta haƙa har aka yi nisa.

Ba a gane ba sai da mai ya fara tsiyaya ta ƙasan bokiti, inda tsinin marigayin ya huda. Aka ciro shi, tsini ya lanƙwashe, wuya ya tsage. Mai walda ya juya shi, ya girgiza kai ya ce, “Oga, wannan ai ya daɗe da tafiya. Tun yaushe yake zaune?” Safiyo ma wuri ya nema ya zauna.

Marigayin ya bar abokin tagwaitakarsa, ƙarfen ɗaya wayar, wanda har yanzu yake rataye amma shi kaɗai ba ya iya nuna ko'ina. Ya bar bokiti mai huji, da waya wadda iyalai suka yanke shawarar kada a sake ambatonta. Ya kuma bar Safiyo, da sunansa da aikinsa duk a rataye, har ranar da ramukan biyu za su haɗu.

Cikin waɗanda suka fara kiran ta'aziyya akwai safiyon rijiyar gabas, wanda kuma yayan uwargida ne, mutumin da ba ya manta abin dariya har abada. Ya ce, “Ƙanina, sannu da rashi. Muna jin ƙarar injinku sosai, amma ta kunnen hagu. Ko kun canza shawara ne?”

Don haka Safiyo yana roƙon jama'a, musamman Babban Injiniya, duk wanda marigayin ya saɓa wa ya yafe masa. Kuskure dai na marigayin ne, kuma ga shi ba ya nan. Tone-tonen wa ya sa wace riga ba ya cikin ladabin zaman makoki.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a ƙarshen rami, daidai wurin da aka tsara ɓangarorin biyu su gamu. A zo da hular kwano da tocila. Mutanen yamma su sauko ta rijiyarsu, mutanen gabas ta tasu. Idan na gabas sun iso ba su ga kowa ba, don Allah kada su koma. Su kashe inji, su kara kunne a bangon hagu. Kukan da za su ji na Safiyo ne, sai su nufo shi da diga.