Dakta Sinadari da Ɗalibarsa Ta Ɗaya

Duk wanda ya ce masana sun ƙare a duniya, to bai taɓa leƙa ƙaramin asibitin unguwa ranar awon yara ba. Nan ne fadar jami'in kula da abinci mai gina jiki, wanda mata suka laƙaba wa Dakta Sinadari. Ba likita ba ne, amma da yake mutum ne mai kawaici, bai taɓa gyara wa kowa ba. Bita goma sha bakwai ya halarta a manyan otal-otal kan yunwar ƙananan yara, kuma tsakani da Allah kowacce ta karɓi jikinsa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a ba uwa katin karɓar abincin tamowa sai ta saurari lacca. Abincin yana nan a sito, kwali kan kwali, taku goma daga bencin matan. Mai sito yana rufewa ƙarfe goma sha biyu, don shi ke riƙe da siton wani asibitin da rana. Lacca kuwa sai sha biyu da rabi take ƙarewa. Wannan ɗan saɓani bai taɓa damun Dakta ba, manyan mutane ai ba sa duba agogo.

Yakan tsaya gaban wani koɗaɗɗen hoto na kifi da ƙwai, ya gyara murya sau biyu, ya ɗaga tsinken nuni.

"Iyaye mata, matsalarku ba rashin abinci ba ce, rashin ilimi ne. Ƙwai da safe, hanta da rana, kifi da yamma. Mene ne abin wahala a nan? Ke, a yi wa yaron nan magana, karatu ake yi."

A bencin gaba akwai matar wani mai faci, da ɗanta ɗan wata takwas. Tun makon farko ungozoma ta zagaya damtsensa da tef ɗin awo, ya faɗa kan ja, ma'ana yana bukatar abincin nan tun jiya. Mako huɗu ke nan tana zuwa a ƙafa, tana komawa hannu rabbana. Dakta ya lura da ita, ransa ya yi fari ƙal. Ga dai mace mai son ilimi, ba ta fashi! Bai taɓa tambayar abin da ke dawo da ita ba. Yaron ma ya daina kuka, Dakta ya yaba da tarbiyyarsa. Ungozoma kuwa shirun nan ne ke tsinka mata zuciya.

Ranar nan ungozomar ta kasa daurewa, ta matso ta raɗa wa Dakta: "Yallaɓai, sha ɗaya da rabi fa. A sallami wannan, yaron ya yi laushi."

"Sista, kada ki koya mini aikina. Tsaya ki ga abin da na shuka. Maman yaro, tashi. Abinci kashi nawa ne?"

Matar ta miƙe, ido yana kan ƙofar sito. Ta kawo kashi uku, ta kawo sinadaransu, ta zarce da laccar gaba ɗaya, har da gyaran murya sau biyu a inda ya saba yi. Idanun Dakta suka ciko. Shekara tara yana magana, sai yau ya ji abin da mutane ke morewa.

"Jira ni nan," ya ce, ya shige ofis.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara wa yaron kwanciya a kafaɗa. Kati dai ya zo yau. A ciki kuwa Dakta ya ɓata minti ashirin yana neman alƙalaminsa mai kyau, ya ƙara goma yana hura wa hatimi iska. Ko da ya fito, babur ɗin mai sito ya sha kwana.

Ya sa aka yi tafi. Sannan ya miƙa mata takardar yabo mai zanen ruwan gwal a gefe, ga sa hannunsa ya cinye rabin shafi.

Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu. Ta duba gabanta, ta juya bayanta, ta dubi ɗanta.

"Na gode, Yallaɓai, Allah ya ƙara girma. Sai dai lacca ba ta zo kan wannan ba. Da ruwan zafi zan dama masa ita, ko da na sanyi?"